Mutumin Kirki

Mutumin kirki shi ne wanda jama'a suka yi wa shaidar kyawun hali a ma'amalarsa ta yau da gobe: a gida, a kasuwa, a unguwa da wurin aiki. A ƙasar Hausa wannan shaida ba ta rataya a kan dukiya ko sarauta ko yawan karatu ba. Ana samun attajiri mutumin banza, ana kuma samun ɗan dako mutumin kirki, kuma kowa a unguwa ya san wane ne wane. Mutum ba ya ba kansa wannan suna, mutane ne ke ba shi. An fi jin nauyinsa a wurare uku: lokacin da iyaye ke binciken wanda ya zo neman auren 'yarsu, lokacin da za a ba mutum kaya bashi, da ranar da aka ɗauki gawarsa, inda ake cewa Allah ya sa halinsa na gari ya bi shi.

Halayen da ake lissafawa

Jerin da ya fi yawo a makarantu ya fito ne daga wata lacca da Anthony Kirk-Greene ya gabatar a Jami'ar Indiana ta Amurka a 1973, aka buga ta a 1974 da sunan Mutumin Kirkii. Kirk-Greene Baturen Ingila ne da ya yi aikin di'o a lardin Adamawa a shekarun 1950, ya koyar a Zariya, daga baya ya koma Oxford. Ya tattaro halaye 10 da ya ga Hausawa na auna mutum da su: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci.

Jerin yana da amfani wajen koyarwa, amma Bahaushe bai taɓa zama ya ƙirga su goma ba. Duk wanda ya tashi a cikin al'adar zai lura cewa babu zumunci a ciki, babu kara, babu tausayi, alhali mai yanke zumunci ba ya samun shaidar kirki ko da ya cika sauran. Halayen kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Ana yafe wa mutum ƙarancin hikima, a ce Allah bai ba shi ba. Cin amana kuwa tabo ne da kan bi mutum har kan 'ya'yansa.

Tushen waɗannan halaye biyu ne da suka cakuɗe tun ƙarnoni: al'adar zaman gandu da ta gari, da kuma koyarwar Musulunci. Ɗalibin makarantar zaure da ya fara Ahalari, kafin ya kai babin tsarki, sai ya bi ta kan gargaɗi game da ƙarya, giba, annamimanci, girman kai da hassada. Hadisin da ya ce alamomin munafuki uku ne, wato ƙarya a magana, saɓa alkawari da cin amana, yana bakin mutanen da ba su taɓa buɗe littafin hadisi ba.

Amana da gaskiya a fatauci

Inda aka fi ganin aikin waɗannan halaye a zahiri shi ne kasuwanci, domin a nan ne hali yake zama jari. A ƙarni na 19 ayarin fatake kan tashi daga Kano zuwa Gwanja, musamman kasuwar Salaga da ke arewacin Gana ta yau, su kai kanwa, tufafi da kayan fata, su dawo da goro. Tafiyar kan ci watanni. Agalawa, Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka yi fice a wannan hanya. Mai dukiya a Kano kan danƙa wa yaronsa kaya ba tare da wata takarda ba, madugu kuma ya ɗauki nauyin rayuka da dukiyar ɗaruruwan mutane, shi ke sasantawa da sarakunan hanya kan kuɗin fito. Babu kotun da ikonta ya ratsa dukkan ƙasashen da ake ketawa. Abin da ya riƙe harkar shi ne kowa ya san cewa wanda ya ci amana sau ɗaya ya gama fatauci, don labarinsa zai riga shi isa kowane zango.

Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, tsarin bai mutu ba, sai ya koma biranen kudu. Unguwar Sabo ta Ibadan, wadda aka kafa a 1916, ita ce misalin da aka fi yin nazari a kansa, saboda binciken da wani masanin zamantakewar al'umma mai suna Abner Cohen ya yi a can a farkon shekarun 1960. Falke zai taho da shanu daga Arewa ya sauka gidan maigida, wato fatoma. Maigidan zai ba shi masauki da abinci, ya haɗa shi da dillali, a sayar wa mahauta Yarbawa shanun bashi. Idan mahauci ya ƙi biya, maigida ne zai biya daga aljihunsa, don shi ya tsaya lamuni. Kuɗin baƙo kuma a hannunsa suke kwana. Saboda haka dillali ke bin diddigin halin kowane mahauci: nawa ake binsa, ya taɓa jinkirta biya, yana caca ko ba ya yi. Mahaucin da ya karya alkawari sai masu gidaje su haɗa kai su daina ba shi ko saniya ɗaya har sai ya biya. Maigidan da ya taɓa kuɗin baƙo kuwa, fatake za su ƙaurace wa gidansa, kuma ba sa dawowa.

Har yau haka abin yake a Kantin Kwari da Dawanau, inda dila ko buhunan hatsi ke fita da kalmar baki a biya bayan an sayar, da wurin 'yan canji na Wapa a Fagge, inda kuɗi masu yawa ke sauya hannu ta waya. A cikin gidaje ma, adashi ba ya yiwuwa sai da uwar adashi da mata suka yarda da ita. Bai kamata a ɗauka cewa 'yan kasuwar nan sun fi sauran mutane tsoron Allah ba. Wasunsu sun fi, wasu ba su fi ba. Tsarin ne aka gina yadda riƙon amana ke kawo riba, cin ta kuma ke kawo karyewa, kuma shi ya sa yake rauni a inda mai saye da mai sayarwa ba su san juna ba, ba kuma za su sake haɗuwa ba, kamar cinikin intanet.

Gaskiyar da ake nufi a kasuwa ba ta hana ciniki. Mai kaya zai sa suna sama, mai saye ya taya ƙasa, a yi ta albarka har a kai ga sallamawa, kuma ba wanda ya kira wannan ƙarya. Abin da ake ƙi shi ne algus, tauye mudu, ɓoye aibin dabba, da rantsuwa kan kuɗin da aka sayo kaya alhali ba haka ba ne.

Kunya

Kunya ita ce halin da baƙo ya fi saurin gani kuma ya fi wuyar fahimta, domin tana da ƙa'idoji. Mace ba ta kiran sunan mijinta, sai ta ce maigida ko malam ko baban wane. Iyaye ba sa kiran sunan ɗan fari, a wasu gidajen ma ba sa nuna kulawa da shi a gaban mutane, har a miƙa shi ga kaka ta riƙe. Suruki ba ya cin abinci a gaban surukansa, idan ya hango su a hanya ya durƙusa ko ya kauce. Yaron da aka sa wa sunan kakansa sai a laƙaba masa Abba ko Baba, yarinya kuma Ummi ko Iya, don kada a riƙa ambaton sunan babba a tsakar gida. Wannan ɓangare ana kiransa alkunya, kuma zama da Fulani ya ƙara masa ƙarfi, har Hausawa na ce wa mai yawan kawaici yana fulako.

Al'adar ta tanadi wuraren shan iska. Jika yana wasa da kakarsa har ya kira ta matarsa, taubasai suna tsokanar juna, haka Kanawa da Zagezagi, Fulani da Barebari, Gobirawa da Yarbawa. A Nijar an ɗauki wannan wasan barkwanci da muhimmanci har hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya a 2014.

Amfanin kunya a gidan da mutum ashirin ko talatin ke zaune a fili yake: tana rage gogayya tsakanin suruka da matar ɗa, tana hana ƙarami yi wa babba tsaurin ido, tana hana mutum roƙon abin da zai iya nema da kansa. Amma tana da farashi, kuma mata ne suka fi biyansa. An san cewa mai haihuwar fari ana son ta daure, kada a ji kukanta. Yarinya kan ɓoye naƙuda saboda kunyar surukai har sai abu ya yi nisa, kuma doguwar naƙuda ita ce babbar hanyar kamuwa da yoyon fitsari, cutar da asibitin Babbar Ruga a Katsina ya shahara wajen yi wa aiki. Haka kunya ke hana wasu faɗa wa likita ainihin inda ke ciwo, ta kuma sa iyali su rufe maganar fyaɗe. Malamai kan tunatar cewa hadisin da ya ce kunya reshe ce ta imani bai hana matan Madina yin tambaya kan al'amuran jikinsu ba. Hausawa da kansu sun sa mata iyaka da suka ce kunyar mara kunya asara ce.

Haƙuri, ladabi da adalci

Babu kalmar da ake faɗa wa mutum sau da yawa a rayuwarsa kamar haƙuri. Da ita ake yi wa amarya nasiha ranar kai ta ɗaki, da ita ake gaisuwar mutuwa, da ita ake raba faɗa, da ita ake sallamar almajiri idan babu saura a tukunya. A ƙasar da noma ya dogara da damina ta wata huɗu zuwa biyar, wadda kuma ta ga yunwa irin ta 1913 zuwa 1914 da farin 1973, ba abin mamaki ba ne a ce haƙuri maganin zaman duniya.

Matsalar ita ce yawanci wanda aka cuta ake ba haƙuri. A nan ne haƙuri da ladabi ke karo da adalci, kuma wannan karo ya daɗe a tarihin ƙasar. Tun a ƙarshen ƙarni na 15 Shehu Magili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa nasiha, yana nanata cewa tushen ɓarna shi ne sarki ya shige lulluɓi talakawa su kasa ganinsa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da jama'arsa, kafin jihadin 1804, sun soki sarakunan Hausa kan haraji marar tushe, ƙwace da cin hanci a wurin shari'a. Bayan an kafa jam'iyyar NEPU a Kano a watan Agusta na 1950, Malam Aminu Kano da abokansa sun riƙa koya wa talakawa cewa faɗuwa ƙasa a gaban hakimi ba dole ba ne, kuma aikin tilas a gonar mai sarauta ba ladabi ba ne. Masu adawa da su sun kira wannan rashin kunya da rashin tarbiyya. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri sau da dama a kan irin wannan tsayuwa. Yau kuwa sunayensu na kan filin jirgin sama da asibitoci, kuma mutane kaɗan ne za su ce ba mutanen kirki ba ne.

Karamci da mutunci

Zauren gidan Bahaushe an gina shi ne don baƙo, kuma ciyayya tsakanin maƙwabta, inda kwanon tuwo ke fita wani ya shigo, tana tabbatar da cewa gidan da ba a ɗora tukunya ba bai kwana da yunwa ba, ba kuma tare da an tona asirinsa ba. Wannan rufin asiri shi ne mahaɗar karamci da mutunci. Kyautar da aka bi ta da gori ba ta cikin lissafi. Mutunci kuwa ya ƙunshi kare naka da kare na wani, shi ya sa tsawata wa magidanci a gaban iyalinsa ya fi zafi a kan a ci shi tara.

Yadda ake koyarwa da tsarewa

Tarbiyya tana farawa daga gaisuwa: yaro ya durƙusa, ya karɓi abu da hannun dama, kada ya tsoma baki cikin maganar manya. Tatsuniyoyin dare suna nuna ƙarshen haɗamar kura da ha'incin Gizo, ko da yake yara sun fi son Gizo a kan Ƙoƙi mai gaskiya, abin da masu ba da tatsuniya suka sani sarai. Wasannin tashe da ake farawa daga goma ga azumi suna yi wa malami mai ƙaryata abin da ya aikata da gwauron da ya ƙi aure ba'a a bainar jama'a. Manya kuma ana tsare su da habaici, zambon maroƙa, da tsoron ranar da za a zo tambayar halin gidansu. A da kowane babba a unguwa yana da ikon tsawata wa kowane yaro, bisa fahimtar cewa ɗa na kowa ne. Wannan ya ja baya a manyan birane, inda maƙwabci kan yi shekara bai san sunan na kusa da shi ba.

Gwamnatoci sun gwada cike gurbin. A 1984 mulkin soja na Janar Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da yaƙi da rashin ɗa'a, wanda aka fi tunawa da shi saboda tilasta bin layi da sharar gari. A Kano, gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta kafa hukumar Hisba da doka a 2003, ta kuma fito da shirin A Daidaita Sahu a 2004 don gyaran tarbiyya ta hanyar rediyo, makarantu da masu unguwanni. Hisba na nan tana aiki, yawancinsa sasanta ma'aurata da masu bashi. Shirin A Daidaita Sahu kuwa ya tafi da gwamnatin da ta kawo shi, sunansa ya koma kan babur mai ƙafa uku da aka shigo da shi a lokacin don ɗaukar mata.