Mece ce ICD, na'urar da ake dasawa a ƙirji?

ICD na'ura ce da ke daidaita bugun zuciya da lantarki idan ya rikice. Masu kallon ƙwallo sun ji sunanta a watan Yunin 2021, bayan Christian Eriksen na Denmak ya yanke jiki ya faɗi ana tsakiyar wasa da Finland, zuciyarsa ta tsaya. Ita aka dasa masa, da ita kuma ya koma fili a Brentford a 2022. Tun 1980 aka fara sa wa ɗan Adam ita, a asibitin Johns Hopkins na Amurka.

'Yar ƙaramar na'ura ce, ba ta cika tafin hannu ba, mai batir da ƙaramar kwamfuta a ciki. Likita yana kashe zafin wurin, ya tsaga fata a saman ƙirji, galibi ta hagu, ya kwantar da ita, sannan ya zura waya ta jijiyar jini har ɗakin ƙasa na dama na zuciya. Da wayar take sauraren kowane bugu, dare da rana.

Zuciyar babba a hutu tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti. Wani lokaci ɗakunan ƙasa kan ɓarke da gudu, ko su koma karkarwa kawai, jini ya daina isa ƙwaƙwalwa, cikin daƙiƙoƙi mutum ya sume. Idan gudun mai tsari ne, na'urar takan fara aika ƙananan siginoni masu sauri don ta katse shi, sau da yawa mai ita bai ma sani ba. Idan abin ya ƙi, ko kuwa karkarwa ce, sai ta saki lantarki mai ƙarfi, har kusan jul 40 (jul ma'aunin ƙarfi ne). Wanda bai suma ba yakan ji kamar doki ya harbe shi a ƙirji. Nan ta bambanta da fesmeka, wadda aikinta taimakon zuciya mai jinkirin bugu.

Ana sa wa wanda zuciyarsa ta taɓa tsayawa aka farfaɗo da shi, da wanda a kowane bugu zuciyarsa ke tura kashi 35 cikin ɗari ko ƙasa na jinin da ke ɗakinta na ƙasa na hagu duk da wata 3 yana kan magani. Ba ta warkar da zuciya, don haka shan magani yana nan.

Tana kuskure. Idan waya ta tsage, ko ɗakunan sama ne ke gudu, takan bugi mutum ba gaira ba dalili. Ƙwayoyin cuta kuwa in sun kama wurin, ja, kumburi, ruwa ko zazzaɓi, yawanci sai an cire na'ura da waya gaba ɗaya.

Makonni 4 zuwa 6 na farko kada a ɗaga hannun wannan gefen sama da kafaɗa, waya na iya gocewa. Wayar salula ta nisanci wurin da santimita 15, kada a sa ta a aljihun gaban riga. Maganaɗisu mai ƙarfi yana dakatar da bugun lantarkin, injin walda kuma yana rikita ta. Bugun lantarki ɗaya, jiki lafiya, a kira likita a ranar. Biyu a jere, ko suma, ko ciwon ƙirji, sai asibiti nan take.