Ƙaramar bindiga ta hannu, wato wadda wani ya yi amfani da ita: tambayoyin ɗan koyo da amsoshin kawunsa

Ɗan yayata ya kalli gasar Olamfik a talabijin, ya ga mutane kwance rub da ciki suna saitin takarda daga nisan mita 50, sai wasan harbi ya shiga ransa. Ana cikin haka abokinsa ya raɗa masa cewa wani dattijo a unguwarsu yana da tsohuwar bindiga ƙirar .22, irin wadda ake kira rimfaya, da yake son rabuwa da ita. Ranar wata Juma'a bayan la'asar ya same ni a zaure, ya zauna a gefen tabarma, ya dinga jero tambayoyi. Ga su nan kamar yadda ya yi su, da abin da na ce masa.

Kawu, wai mece ce rimfaya, kuma me ya raba ta da sauran bindigogi?

Bambancin yana jikin harsashi. Ka juya gindin babban harsashi, irin na sojoji ko na bindiga mai baki biyu, za ka ga wani ɗan maɓalli a tsakiya. Shi allurar bindiga take duka, ya ba da tartsatsi, albarushi ya kama. A rimfaya babu wannan maɓallin. Sinadarin tartsatsin an zuba shi ne a cikin leɓen kwanson, ya zagaye shi, allura kuma gefen take matsewa. To kafin allura ta iya lotsa leɓe dole kwanson ya zama marar kauri, kwanso marar kauri kuwa ba ya jure albarushi mai yawa. Shi ya sa rimfayar da ake yi a yau duk ƙanana ne.

Dabarar ta tsufa. Wani Bafaranshe mai suna Flobert ne ya fara ta wajen 1845, kamfanin Smith & Wesson na Amurka ya fito da gajeren harsashin .22 a 1857, sannan a 1887 kamfanin Stevens ya kawo wanda ake kira .22 LR. Wannan na ƙarshe shi ne wanda ka gani a Olamfik, kuma shi ne ya fi kowanne yaɗuwa a duniya. Dalma ce 'yar mitsitsiya, faɗinta kamar milimita 5.6, nauyinta bai kai giram uku ba.

Me ya sa ake cewa da ita ya kamata ɗan koyo ya fara?

Saboda ba ta dukan kafaɗa, ƙararta kuma ba ta firgita mutum. Wanda ya fara da adaka ko mai baki biyu, tun harbin farko jikinsa yake koyon tsoro. Kafin ya ja kunama ya runtse ido, ya ɗage kafaɗa, bakin bindiga ya kauce. Wannan ɗabi'a in ta kama mutum tana da wuyar saki. Da .22 kuwa hankalinka yana kan numfashi, da riƙo, da yadda yatsa ke jan kunama a hankali.

Amma kada ƙanƙantar ta ruɗe ka. Tana kashe mutum, ta kuma kashe da yawa. A jikin kwalin harsashinta kamfanoni suna rubuta gargaɗin cewa tana da haɗari har nisan mil ɗaya ko mil ɗaya da rabi, wato daga sama da kilomita ɗaya da rabi zuwa fiye da kilomita biyu. Ka tsaya a saman Dala ka dubi yadda gidaje suka cushe, ka gaya mini ta ina dalma za ta yi tafiyar kilomita biyu ba ta samu wani ba. Ga ta da tsalle: in ta daki dutse, ko busasshiyar ƙasa, ko saman ruwan kududdufi, sai ta canza hanya ta ci gaba da tafiya. Ko tunanin gwada ta a tsakar gida ko a bayan gari inda makiyaya ke wucewa kada ka yi.

To in je in ba dattijon kuɗinsa in ɗauko?

A nan na ce masa ya gyara zama. Bindiga ba babur ba ce da za a yi ciniki a gaban shaidu biyu a rubuta 'yar takarda. Dokar Makamai ta 1959, wadda har yau ita ce ginshiƙi, ta kasa bindigogi gida uku. Akwai haramtattu, irin mashinga da bindigogin soja da fistol, waɗanda izininsu sai Shugaban Ƙasa. Akwai na amfanin kai, waɗanda lasisinsu yake hannun Sufeto Janar na 'yan sanda, kuma a nan bindigar wasan harbi irin .22 take. Sai na ɗuri ta baki, irin adaka, waɗanda Kwamishinan 'yan sanda na jiha ke kula da su. Mutane da yawa ba su san cewa hatta bindigar iska, mai harba 'yar dalma ba tare da albarushi ba, tana cikin kashi na biyu ba, ita ma sai da lasisi.

Dokar ta hana bai wa wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da wanda idonsa ba ya gani sosai, da mashayi, da wanda kotu ta kama da laifin tashin hankali a cikin shekara biyar da suka wuce. Harsashi ma sai da izini. Mai sayarwa kuma ba shi da damar miƙa ta ga wanda bai nuna lasisi ba, kasuwancinta kuwa na dillalai masu rajista ne kawai. Riƙe ta babu takarda laifi ne da ke kai mutum gidan yari na shekaru.

Sannan a 2023 Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya sanar da cewa an dakatar da bayar da sabon lasisin ƙananan makamai saboda yadda suka yawaita a hannun jama'a. Don haka tafiyarka ta farko ba gidan dattijo ba ce, hedikwatar 'yan sanda ce da ke Bompai. Ka tambaya da bakinka ko ƙofa a buɗe take a yanzu. In sun ce a rufe take, magana ta ƙare, sai ka nemi hanyar koyo a ƙarƙashin masu kula da wasan harbi, inda makamin yake hannun hukuma. Duk wanda ya ce maka "kawo kuɗi, na san wani zai fitar maka da takarda," ka yi masa sallama.

Akwai kuma abin da ya fi damuna game da ta hannu. Kayan hannu da tarihinsa yake zuwa. Kowace bindiga tana da lamba a jikin ƙarfenta. Ka duba ta yi daidai da wadda ke kan lasisin mai ita, sunan da ke kan lasisin kuma nasa ne. In ka ga alamar an goge lambar ko an sake buga ta, kada ma ka taɓa. Ba ka san inda ta kwana shekara goma da suka wuce ba, ranar da aka zo bincike kuwa a hannunka za a same ta.

In an ce takardu sun cika, wace iri zan zaɓa?

Mai sakata. Wato wadda bayan kowane harbi sai ka ɗaga hannun sakatar, ka ja baya kwanso ya fita, ka tura gaba sabon harsashi ya shiga. Tsofaffin Brno da CZ 452 na ƙasar Cek sun yi suna a wannan fanni, ƙarfe ne da katako, ba su da tarkace. Akwai masu ɗura kansu da kansu, irin Ruger 10/22 da ta fito a 1964 da Marlin 60 ta 1960, kuma bindigogi ne masu kyau. Ni dai ban so su ga ɗan koyo. Suna sa gaggawa, mutum ya yi ta ɓarin harsashi bai koyi komai ba, kuma bayan kowane harbi akwai wani harsashin zaune a ciki yana jira, ko ka tuna ko ka manta. Ga ƙurar hunturu: in ta haɗu da mai da dattin albarushi sai ta zama kamar kunu, mai ɗura kanta ta fara cijewa. Mai sakata ba ruwanta.

Ina da ina zan duba a jikinta?

Kafin komai, bakinta ya kalli inda babu mutum, yatsanka nesa da kunama, a cire gidan harsashi, a buɗe sakata, ka leƙa da idonka ka ga babu komai a ciki. Ko mai ita ya rantse maka, ka duba.

Daga nan sai bututu. Dalmar .22 tana da laushi, harbi ba ya saurin cinye ƙarfe, don haka tsufa kaɗai ba aibu ba ne. Abin da ke kashe waɗannan bindigogi ajiya ce. Ka zare sakatar gaba ɗaya, ka leƙa ta baya wajen haske. Ya kamata ka ga zanen da ke murɗawa a ciki ya fito sarai, yana sheƙi. Ramuka ramuka baƙaƙe tsatsa ce, aikin damina. In kuma ka ga wani zobe mai duhu a tsakiya, ka shafa wajen da yatsa ta waje, sau da yawa za ka ji ɗan kumburi. Alama ce an taɓa harbawa alhali wani abu ya toshe hanya. A ƙasarmu babban mai wannan ɓarna zanzaro ne. Ina yaro na ga bindigar wani kakanmu da aka jingine bayan ƙofa tun kaka, da aka zo ɗauka sai ga laka ta cika bakinta taf, zanzaro ya yi gini har da 'ya'ya. Da ba a lura ba aka harba, da wani labarin ake yi.

Sai leɓen bakin bututun, inda dalma ke fita. Nan ne taɓawa ta ƙarshe tsakanin ƙarfe da harsashi. In ya lotse ko ya cinye ta gefe ɗaya, galibi saboda an riƙa zura sandar goge-goge ta gaba da ƙarfi, harbi zai dinga watsewa komai iyawarka.

Na uku ya keɓanta da rimfaya. Tunda allura gefe take duka, in aka riƙa jan kunama babu harsashi, a tsofaffin ƙira allurar ƙarfen bakin ɗakin harsashi take sara. Ka duba wurin da kyau. Ɗan tabo ko tudu a nan yana sa harsashi ya ƙi shiga, kwanso ya ƙi fita, wani lokaci ma ya ƙi tashi. Saboda haka kai ma kada ka ja kunamar bindigar mutum haka kawai don ka ji ƙara.

Sauran ba su da wuya. Makullin kariya ya riƙe in an sa shi. Kunamar da taɓi kaɗan take sakewa, wataƙila wani ya goge ta da magagari, ka guje ta. Katako kuwa ka duba wuyansa, bayan kunama, nan yake tsagewa. Ƙujewar fenti ba komai ba ce, rangwame ma za ta jawo maka. Kunnuwan kusoshi in sun cinye, sun gaya maka irin hannun da ya riƙa buɗe ta.

Madubin hange fa, da waɗannan .22 Magnum da .17 HMR da nake gani a intanet?

Bar su tukuna. Koyi saiti da ƙarfen da aka ƙera ta da shi. Magnum ta 1959 da .17 HMR ta 2002 sun fi gudu, sun fi tsada, sun fi ƙara, kuma harsashinsu daban ne. Ka karanta abin da aka buga a jikin bututu, shi kaɗai za ka sa mata.

In na samu, ina zan ajiye, kuma zan iya tafiya da ita?

A kulle, babu harsashi a ciki, harsashin kuma a wani wurin daban shi ma a kulle. Gidanmu gidan yawa ne, yara suna shiga ko'ina, ƙarƙashin katifa da saman sif duk sun san su. Ka shafa mata mai kaɗan kafin damina, ka rufe bakinta saboda zanzaro, ka tuna ka buɗe kafin harbi.

Tafiya kuwa, ba wanda zai manta da Maris na 2025, lokacin da aka kashe mafarauta 16 a Uromi ta jihar Edo suna hanyar dawowa gida Kano, bayan an ga bindigogin farauta a motar da suka hau. Daga ma'ajiya zuwa filin harbi, a cikin jaka, takarda a aljihu, shi ke nan.

Washegari na raka shi gidan dattijon, don mu ga takarda kawai. Ya shiga ɗaki ya daɗe, ya fito da ita a cikin leda, ta yi ja don tsufa. Sunan yayansa ne a kai, wanda ya rasu da daɗewa, kuma tun lokacin ba a sabunta ba. Na ce masa, "Baba, wannan ba ta sayarwa ba ce, a kai ta wajen hukuma a huta." Ya yi shiru, ya ce zai yi shawara da 'ya'yan marigayin. Muka sha ruwa muka yi masa sallama, ko jakar bindigar ba mu bari an buɗe ba.