Gina Fuskar Manhajar Kwamfuta: Rubutun Kod da Fayil ɗin Tsari

Fuskar manhaja ita ce abin da mai amfani da kwamfuta yake gani yana latsawa: taga, maɓalli, akwatin rubutu, jerin zaɓi. Masu rubuta manhajar kwamfutar tebur suna gina ta ta hanyoyi biyu. Wasu suna umartar kwamfuta layi-layi ta ƙirƙiri kowane maɓalli ta ajiye shi a gurbinsa. Wasu kuma suna bayyana kamannin tagar a fayil na daban, galibi da XML (salon rubutu mai jera bayanai cikin alamomi), sannan kod, wato rubutattun umarnin manhajar, ya ɗauko shi ya ɗora masa aiki.

Kod zalla

Tk, kayan aikin gina fuskar manhaja wanda John Ousterhout ya fitar a 1991, misali ne na hanyar farko, kuma har yau masu koyon harshen kod na Python suna haɗuwa da shi da sunan Tkinter. Swing na harshen Java ma haka yake. Komai yana wuri guda, kuma idan yawan maɓallan ya dogara da bayanan da za su shigo daga baya, umarnin maimaitawa guda ɗaya ya isa ya jera su. Matsalar ita ce taga mai akwatuna da yawa takan zama ɗaruruwan layuka, kuma ba a ganin yadda ta fito sai an kunna manhajar.

Fayil ɗin tsari

Kamfanin NeXT ya fitar da Interface Builder a 1988, inda ake jan maɓalli da linzami a ajiye, a adana tsarin a fayil. Apple ya gaji wannan kayan aiki. Glade, mai irin wannan aiki, ya zo wa GTK, wani kayan gina fuskar manhaja, a 1998. Qt Designer, na kayan gina fuska mai suna Qt, yana adana tsari a fayil mai ƙarewa da .ui. Microsoft ya kawo salon fayil na XAML tare da kayan gina fuskarsa WPF a 2006, JavaFX na Java kuma ya sami nasa salon, FXML, a 2011. Manufar ɗaya ce: mai zanen gida daban, magini daban. Mai tsara kamanni zai gyara faɗin akwati ba tare da ya taɓa lissafin da ke bayansa ba, masu fassara kuma suna samun kalmomin fuskar cikin sauƙi.

Amma rabuwar tana da tsada, kuma nan ne ainihin bambancin yake: yaushe kuskure ke bayyana? Fayil da kod suna haɗuwa ne ta hanyar sunaye. A FXML, idan sunan da aka ba maɓalli a gurbin suna na fayil ɗin (fx:id) ya saɓa da na cikin kod ko da harafi ɗaya, harhaɗa manhajar, wato mayar da kod zuwa abin da kwamfuta za ta kunna, zai tafi lafiya lau, sai an zo amfani da maɓallin ta faɗi. A WPF abin ya fi ɓoyuwa: idan aka kuskure sunan bayanin da aka ɗaure wa akwati, akwatin zai fito wayam, ba ƙorafi sai wani layi a tagar saƙonnin mai gyara. Qt ya rage wannan haɗari, domin kayan aikinsa mai suna uic yana mayar da fayil ɗin .ui zuwa C++ tun kafin harhaɗawa, don haka kuskuren suna yakan fito da wuri. Wannan dabara ta cancanci yabo, domin kuskuren da mai rubutu ya kama a teburinsa bai kai wanda mai saye ya gano zafi ba.

Sabon salo

Flutter na Google, wanda cikakkiyar sigarsa ta farko ta fito a 2018, da SwiftUI na Apple a 2019, da Jetpack Compose a 2021, sun koma kod, amma ba irin na Swing ba. Mai rubutu yana bayyana yadda fuskar ya kamata ta kasance bisa halin da bayanai suke ciki, kayan aikin kuma ya sabunta ta da kansa. An riƙe salon bayyanawa na XML, an bar fayil na biyu. Duk da haka XAML da fayilolin .ui suna nan daram a manyan manhajojin ofis da masana'antu, inda sake rubuta ɗaruruwan tagogi ba ƙaramin aiki ba ne.