Ma'anar "Ribut" da Hanyoyin da Kwamfuta ke Bi Ta Sake Tashi

Ribut shi ne kwamfuta ta tsayar da komai ta sake tashi daga farko, ba tare da ka zare mata wuta ba. A wurin mai danna maɓalli abu ne na daƙiƙu. A wurin babbar manhajar da ke tafiyar da na'urar, wato irin su Windows da Linux, ciwon kai ne. Bayan ta rufe shirye-shirye ta adana fayiloli, sai ta tarar furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, na kamfanin Intel ko AMD, ba shi da wani umarni guda mai cewa "sake tashi". Dole ta roƙi wani sashe ya yi mata.

Tsohuwar hanyar ta samo asali ne daga kwamfutar IBM PC/AT ta 1984. A cikinta an haɗa ɗan guntun da ke kula da kibod, mai lamba 8042, da layin da ke mayar da furosesa farko. Manhaja ta tura masa lambar 0xFE ta ƙofa 0x64, wato adireshin da ake aika masa saƙo, shi ke nan, allo ya ɗauke. E, mai kula da kibod ne ke tayar da kwamfuta. Yau guntun ya ɓace daga na'urori da yawa, kwaikwayonsa kawai ake yi, wasu ma ko kwaikwayon babu.

Daga baya aka samu ƙofa 0xCF9 a kayan Intel. Sai ACPI 2.0 na shekarar 2000, tsarin kula da wutar na'ura, inda na'urar da kanta ke ajiye bayani a wani jadawali: ga inda za a rubuta, ga lambar da za a rubuta. Akwai kuma ta EFI, wato manhajar da ke fara tayar da na'ura kafin babbar ta karɓa. Idan duk suka ƙi, sai a koma ga ta ƙarfi da yaji: a jefa furosesa cikin kuskure kan kuskure har sau uku, ya rasa mafita ya mayar da kansa farko.

To wacce ce abin dogaro? A takarda ACPI ce. Amma masu ƙera kwamfuta da Windows suke gwada kayansu, hanyar da Windows ba ta bi kuwa tana iya zama a lalace ba wanda ya lura. Shi ya sa masu Linux suka haƙura suka bi sawunta: ACPI, sai kibod, a maimaita su, kafin a taɓa sauran. A ganina sun yi daidai, ko da abin bai yi wa masu son ƙa'ida daɗi ba.

Duk da haka akwai masu taurin kai. Ka ba da umarni, allo ya yi baƙi, fanka na ta juyawa, shiru kake ji. Irin waɗannan Linux na da jerin sunayensu a cikinta, har da wasu samfuran Dell da Apple, kowacce da hanyar da take ji. Idan taka na yin haka kuma ba ta cikin jerin, sai ka gwada saka reboot=pci ko reboot=efi a layin tayar da manhajar.