Yiwuwar Rayuwa a Watannin Ƙanƙara

Watannin ƙanƙara su ne watannin da ke kewaya manyan duniyoyi na nesa da rana, musamman Jufita da Satan, waɗanda malaman taurari na da ke kira Mushtari da Zuhal. Samansu ƙanƙara ce mai taurin dutse, amma bincike ya nuna cewa a ƙarƙashin wasu daga cikinsu akwai teku mai gishiri. Wannan ne ya sa masana ke kallonsu a matsayin wuraren da aka fi zaton samun ƙananan halittu, irin waɗanda ido ba ya gani, a wajen duniyarmu. Kawo yanzu ba a gano wata halitta a can ba. Abin da aka samu dai alamu ne na cewa muhallin zai iya ɗaukar rai.

Abin da ke hana ruwan daskarewa

A saman Yurofa, ɗaya daga cikin watannin Jufita, sanyi yakan kai kimanin digiri 160 ƙasa da sifiri, don haka ba rana ce ke narkar da ruwan ba. Zafin daga ciki yake fitowa. Falakin watan ba zagayayye ba ne sosai, wani lokaci ya matso kusa da Jufita, wani lokaci ya ja baya, kuma a kowane zagaye na kwana uku da rabi ƙarfin jan duniyar yana matse shi yana sake shi. Wanda ya taɓa lanƙwasa waya gaba da baya don ya karya ta ya san yadda wurin lanƙwasar ke ɗaukar zafi har ya ƙona yatsa. Haka abin yake a nan, sai dai wata guda ake murzawa.

Yurofa

Galileo Galilei ne ya gano shi a 1610. Faɗinsa kimanin kilomita 3,100 ne, bai kai watanmu ba. Kumbon Galileo na NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, wanda ya kewaya Jufita daga 1995 zuwa 2003, ya auna wani sauyi a ƙarfin maganaɗisu kusa da shi, irin sauyin da ruwan gishiri mai ɗaukar lantarki ke haifarwa. Ana ƙiyasta kaurin ƙanƙarar da kilomita 15 zuwa 25, ruwan da ke ƙasanta kuwa zai iya ninka na dukan tekunan duniya sau biyu. Fuskar watan duk tsagu ne masu launin jar ƙasa, kuma ramukan faɗuwar duwatsu kaɗan ne a kanta, alamar cewa tana sabunta kanta.

Ensiladas

Shi wannan na Satan ne, ƙarami ƙwarai, faɗinsa kilomita 500 da 'yan kai. William Herschel ya gano shi a 1789, kuma kusan shekara ɗari biyu ba a san komai mai yawa a kansa ba. A 2005 kumbon Cassini ya hango tururi da ƙwayoyin ƙanƙara na feshi zuwa sama daga wasu dogayen tsagu a ƙurewar kudancinsa. Faɗuwa ta zo daidai da zama: tekun da ba a iya haƙowa sai ga shi yana watso kansa waje. Kumbon ya ratsa cikin feshin sau da dama, har a watan Oktoba na 2015 ya wuce kilomita 49 kacal daga saman watan.

A cikin feshin, da zoben Satan da feshin ke ciyarwa, an samu gishiri, amoniya, iskar kabon, iskar mitan da sinadarai masu ɗauke da kabon. An kuma ga ƙananan ƙwayoyin silika, sinadarin da ke cikin yashi, waɗanda ke nuna ruwa mai zafin akalla digiri 90 yana haɗuwa da dutse a ƙasan tekun. A 2017 aka sanar da samun haidirojin, a 2023 kuma fosfat, sinadarin da ƙwayar gado ta kowace halitta ke bukata.

Haidirojin ɗin ne ya fi jan hankali. A duniyarmu akwai ƙananan halittu da ke haɗa shi da iskar kabon su samu kuzari, su fitar da mitan. Irinsu ne ke zaune a tumbin saniya. Ba ruwansu da hasken rana. Abincinsu yana nan a Ensiladas. Sai dai hujjar baki biyu gare ta, domin wasu masana na cewa yawan haidirojin ɗin na iya nufin babu mai cin sa, kuma mitan na samuwa ta haɗuwar ruwa da dutse ba tare da wata halitta ba.

Misalai daga duniyarmu

A 1977 masu bincike cikin ƙaramin jirgin ƙarƙashin ruwa mai suna Alvin suka tarar da maɓuɓɓugan ruwan zafi kusa da tsibiran Galapagos, a zurfin kimanin mita 2,500, kewaye da halittu masu dogaro da sinadarai. A 2013 kuma aka huda ƙanƙara mai kaurin mita 800 a Antatika zuwa tafkin Whillans, aka ɗebo ruwa da ƙananan halittu masu rai. Waɗannan sun nuna rai na jure duhu da sanyi, amma jurewa daban, farawa daban, kuma yadda rai ya fara a duniya kansa har yau ana muhawara a kai.

Kumbunan da ke kan hanya

Gudun kada ƙananan halittun duniyarmu su gurɓata waɗannan tekuna, da gangan aka jefa Galileo cikin Jufita a 2003, aka jefa Cassini cikin Satan ranar 15 ga Satumba, 2017. Hukumar sararin samaniya ta Turai ta harba kumbon Juice a Afrilun 2023, ana sa ran isarsa Jufita a 2031, inda zai fi mai da hankali kan Ganimid, wata mafi girma a tsarin rana. NASA ta harba Europa Clipper ranar 14 ga Oktoba, 2024. Zai isa a 2030, ya gitta Yurofa kusan sau 50 ɗauke da na'urar rada mai leƙa cikin ƙanƙara. Ba zai sauka ba, kuma ba a gina shi don gano halitta kai tsaye ba. Aikinsa auna kaurin ƙanƙarar da tantance sinadaran da ke samanta.