Ƙara ƙananan sinadarai a akwatin murjani na ruwan gishiri

Ƙananan sinadarai su ne waɗanda ke narke a ruwan teku da ɗan kaɗan ƙwarai, amma halittun ruwa ba sa rayuwa yadda ya kamata in babu su. Daga cikinsu akwai aidin, ƙarfe, manganis, tutiya da molibdenam, kuma masu kiwo kan haɗa da sitirontiyam duk da ya fi su yawa. A akwatin gilashin da ake kiwon murjani, waɗannan sinadarai suna raguwa a hankali, don haka ake mayar da su da awo.

Murjanin da ake nufi ba shi ne jan dutsen wuyan da mata ke sawa ba, ko da yake dangi ne. Wancan ana samo shi ne galibi daga Bahar Rum. Na akwati dabba ne mai rai da ke gina ƙashin farar ƙasa, kuma a cikin tsokarsa akwai ƙananan tsirran ruwa da ke sarrafa haske su ciyar da shi. Gaɓar Legas ba ta da tsaunukan murjani irin na Indonesiya ko Ostireliya, saboda ruwan koguna da laka da ke kwarara Tekun Gini. Abin da ake kiwo a Ikoyi ko Lekki shigo da shi ake yi, kuma murjani mai ƙashi yana ƙarƙashin CITES, yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan cinikin dabbobi da tsirran da ake gudun ƙarewarsu, ba a ƙetare iyaka da shi sai da takarda.

Manya da ƙanana

Lita ɗaya ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kimanin giram 35. A ciki, magniziyam ya kai miligiram 1,300, kalsiyam kuwa wajen 420. Waɗannan, tare da ƙarfin kanwar ruwa da ake riƙewa tsakanin 7 da 11 a ma'aunin dKH, su ne ginshiƙi. Duk wanda bai daidaita su ba, sayen kwalaben ƙananan sinadarai ɓarnar kuɗi ne kawai.

Sitirontiyam yana kai miligiram 8 a lita. Aidin bai wuce 0.06 ba. Ma'ana, akwati mai cin lita 300 gaba ɗaya aidin ɗin da ke cikinsa miligiram 18 ne, bai kai nauyin ƙwayar shinkafa ɗaya mai kyau ba. Nan ne haɗarin yake: wuce kima wajen ɗiga ruwan Lugol, wanda aidin ne mai kauri, yana iya ƙona murjani. Ga kuma kuskuren lissafi da ake yawan yi. Akwatin da aka rubuta masa lita 300, in aka zuba duwatsu da yashi, ruwan da ke ciki ba ya kai hakan, alhali umarnin da ke jikin kwalba da ainihin ruwan yake aiki.

Murjani da kansa yana cinye wasu sinadaran wajen gina ƙashi. Ciyawar ruwa da ake nomawa a ƙaramin tanki na ƙasa tana zuƙe ƙarfe da manganis. Na'urar kumfa mai fitar da dauɗa da gawayin tace ruwa su ma suna kwashe nasu rabon.

Hanyoyin ƙarawa

Mafi sauƙi ita ce canjin ruwa, kamar kashi 10 cikin 100 duk mako ko mako biyu, da gishirin da aka haɗa musamman don murjani. Ga akwatin da murjaninsa masu laushi ne, wato nau'in da ba ya gina ƙashi mai tauri, kuma ba su da yawa, wannan kaɗai yakan wadatar. Bajamushe Hans-Werner Balling ya bayyana wata hanya a shekarun 1990, inda ake zuba kalsiyam da sinadarin kanwa daga mazubai daban-daban, ana cakuɗa ƙananan sinadaran a ciki, ta yadda za su shiga daidai da abin da murjani ke ci. Daga baya kamfanin Triton na Jamus ya yaɗa gwajin ICP: a ɗebi ruwa a 'yar kwalba, a aika ɗakin bincike, a samu sakamakon sinadarai da dama a lokaci guda. Kayan gwajin gida suna iya auna kalsiyam da magniziyam, amma a kan aidin da ƙarfe ba a cika dogara da su ba. Shi ya sa gogaggun masu kiwo ke cewa abin da ba a auna ba, kada a zuba shi.

Yanayin Legas

Ruwan burtsatse a sassan birnin da yawa yana da ƙarfe, har yakan bar jan tabo a bahon wanka, don haka sai an bi da shi ta injin tacewa na RO. Ruwan lagun kuwa gauraye ne da na koguna, ga ƙazanta. Famfo ko mahaɗin bututu na tagulla yana sakin jan ƙarfe, wanda guba ne ga murjani da jatan lande.

Zafi yana sa ruwa ƙafewa da sauri, gishirin kuma yana nan, saboda haka da ruwa zalla ake cikawa. Murjani ya fi son zafin digiri 24 zuwa 26 a ma'aunin Celsius, abin da ke buƙatar na'urar sanyaya ruwa. In aka ɗauke wuta, injin da ke juya ruwan ya tsaya amma na ɗiga sinadari yana kan batir, sai maganin ya taru wuri guda. A gidajen da yaron gida ne ke kula da akwatin, an fi samun kwanciyar hankali in aka ba shi sirinji mai alamar mililita da littafin rubuta abin da ya zuba kowace rana, maimakon a ce masa ya zuba "murfi ɗaya".