Inganci da ƙarkon kayan masana'anta

Inganci da ƙarkon kaya reshe ne na ilimin injiniya da ke bin diddigin tambayoyi biyu: shin kaya ya fito daga masana'anta yadda aka tsara shi, kuma har yaushe zai ci gaba da aiki kafin ya mutu. Ta farko tambayar inganci ce, ana iya amsa ta ranar da aka gama ƙera abu. Ta biyu ta ƙarko ce, ita kuwa sai an sa lokaci a lissafi. Fankar da aka saya a Babbar Kasuwar Yamai, aka jona ta a gaban mai shago ta juya lafiya lau, ta ci jarrabawar inganci. Ko za ta ga ƙarshen watan Mayu tana juyawa dare da rana, wannan ko mai shagon bai sani ba.

A wurin injiniyoyi, ƙarko shi ne yiwuwar abu ya yi aikin da aka ƙera shi dominsa, na wani lokaci ƙayyadadde, a cikin wani yanayi ƙayyadadde. Sharaɗin ƙarshe shi aka fi mantawa da shi, alhali shi ya fi shafar mutumin Yamai ko Tawa, domin galibin kayan da ke shigowa ƙasar a wani yanayi daban aka auna su.

Asali

Duba kaya kafin a sayar tsohon abu ne. Maƙeri ma yana gwada kaifin lauje kafin ya miƙa wa manomi. Abin da ya mai da shi ilimi mai lissafi shi ne ƙera abu dubu-dubu, inda ba mai iya duba kowane ɗaya. A watan Mayun 1924 Walter Shewhart, masanin kimiyya da ke aiki da Western Electric, reshen ƙera kaya na kamfanin tarho na Bell a Amurka, ya gabatar da taswirar sa ido kan aiki. W. Edwards Deming ya koyar da wannan hanya ga injiniyoyi da shugabannin kamfanonin Japan daga 1950, Joseph Juran ya bi sahunsa a 1954. Lokacin ana yi wa kayan Japan kallon na araha marar ƙarko. Kafin shekara talatin su cika, motocinsu da rediyoyinsu sun zama abin kwatance. Juran ne ya taƙaita ma'anar inganci da cewa dacewa ce da amfanin da za a yi da abu. A 1987 hukumar ƙa'idojin kaya ta duniya, ISO, mai mazauni a Janeba ta fitar da ƙa'idojin ISO 9000. Takardar ISO 9001 da ake gani a jikin kwali tana shaidar cewa kamfani yana da tsarin aiki rubutacce da ake bincikawa. Ba ta yi alkawarin shekarun da kayan zai yi ba. A Nijar, hukumar ANMC ce ke kula da ƙa'idojin kaya, awo da ba da takardar shaida.

Ilimin ƙarko shi kuwa daga yaƙi ya fito. A Yaƙin Duniya na Biyu na'urorin sadarwa masu kwan lantarki sun riƙa mutuwa a hannun sojoji, har ma'aikatar tsaron Amurka ta kafa kwamiti a 1952 don nazarin matsalar, rahotonsa ya fito a 1957. A 1951 ne kuma Waloddi Weibull, injiniya ɗan Suwidin, ya wallafa lissafin rabon mutuwar kaya da har yau ake kira da sunansa.

Bambanci tsakanin kaya da kaya

Babu abu biyu da suke fitowa daidai wa daida, ko da inji ɗaya ya yi su. A masana'antar siminti, buhun da aka rubuta wa kilo 50 wani zai ɗara da kaɗan, wani ya gaza da kaɗan. Shewhart ya raba wannan bambanci gida biyu. Akwai na yau da kullum, wanda ke cikin jinin aikin, akwai kuma wanda ke da takamaiman sanadi, kamar sikelin da ya goce ko bakin injin da ya toshe. Taswirarsa ta sa ido kan aiki haka take: ana ɗibar samfur lokaci-lokaci, a auna, a ɗiga sakamakon a kan takarda mai layi uku: matsakaici a tsakiya, iyaka a sama, iyaka a ƙasa. Muddin ɗigogin suna yawo tsakanin iyakokin ba tare da sun karkata gefe guda ba, sai a ƙyale injin. Da ɗaya ya tsallake, a tsaya a nemi dalili.

Wannan "a ƙyale" shi ya fi yi wa shugabannin aiki wuya. Wanda ke murɗa inji duk lokacin da buhu ɗaya ya ɗan gaza, ƙara bambancin yake yi da hannunsa. Deming ya sha nanata cewa mafi yawan kurakurai daga tsarin aiki suke, don haka yi wa lebura faɗa ba ya gyara komai. Daga wannan tunani ne kamfanin Motorola ya fito da tsarin Sigima Shida a 1986, wanda burinsa kada kuskure ya wuce 3.4 a cikin miliyan.

Rayuwar kaya

In aka zana yawan mutuwar kaya iri ɗaya tun daga ranar saye har tsufa, zanen yakan fito da baki biyu a ɗage, tsakiya a kwance. Turawa suna kwatanta shi da kwamin wanka. Wanda ya saba ganin kwalekwale a kogin Kwara zai fi saurin gane siffar. Bakin farko mutuwar ƙuruciya ce: dalmar da ba ta kama ba, noti da ba a ɗaure ba, aibin da aka fito da shi daga masana'anta. Shi ya sa wasu kamfanoni suke kunna na'ura ta yi awoyi tana aiki a ɗaki mai zafi kafin a sa ta a kwali, mai mutuwa ta mutu a gida. Garanti ma wannan zango yake rufewa. Tsakiyar ita ce shekarun amfani, inda mutuwa ba ta da yawa kuma ba ta sallama: tsawa, wutar da ta dawo da ƙarfi bayan an ɗauke, faɗuwa ƙasa. Bakin ƙarshe tsufa ne, lokacin da boris ya cinye, roba ta bushe, ƙarfe ya gaji.

Gajiyar ƙarfe ba salon magana ba ce. Wayar da aka lanƙwasa gaba da baya sau da yawa takan karye ba tare da an ja ta da ƙarfi ba. Haka ta faru da jiragen sama biyu ƙirar Comet na Birtaniya da suka tarwatse a sama a 1954. Da aka nutsa gangar jikin wani a tankin ruwa ana matsa masa ana saki, sai tsaga ta ɓulla daga kusurwar wata kafa a jikinsa. Irin wannan ce ke karya sifirin ɗin motar da ke bin hanyar burji a Adar kullum. Amfanin lissafin Weibull shi ne yana nuna a wane zango kaya yake. Sauya abu kafin ya mutu yana da riba ne kawai in tsufa ke kashe shi, kamar bel ko boris. In mutuwar ta ba-zata ce, sabon da aka sa bai fi tsohon da aka cire ba.

Lissafin da ke ruɗin mai saye

A takardun na'urori akan ga haruffan MTBF, wato matsakaicin lokacin da ke tsakanin lalacewa da lalacewa. A ɗauka an kunna na'ura 1,000 na awa 500 kowace, biyar suka mutu. Jimillar awoyin aiki 500,000 ke nan, a raba biyar, a sami awa 100,000, sama da shekara 11. Amma ba na'ura ɗaya a cikinsu da aka gani ta wuce sati uku tana aiki. Adadin yana bayani ne kan yawan mutuwa a zangon tsakiya, bai ce komai a kan ranar da tsufa zai fara ba. Ko da tsufan bai zo ba, lissafi ya nuna kusan kashi 37 cikin 100 ne kawai za su kai wannan adadi da ransu.

Sai ƙa'idar da ake dangantawa da Robert Lusser, injiniyan Jamus: in sassa suna jere ta yadda mutuwar ɗaya ke tsayar da duka, ana ninka ƙarkonsu ne da juna. Famfon rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana yana da faranti, akwatin sarrafa wuta, inji a ƙasan ruwa, da wayoyi. In kowane yana da kashi 95 na yiwuwar cika shekara lafiya, na tsarin gaba ɗaya kashi 81 ne. Sassa 100 masu kashi 99 kowane kashi 37 suke bayarwa. Maganin shi ne ajiye na biyu a gefe: famfo biyu masu kashi 90, wanda kowane zai iya ɗaukar aikin, kashi 99 suke bayarwa. Sai dai in waya ɗaya ke ba su wuta, ranar da ta ƙone tare za su tsaya.

Injiniyoyi suna da hanyoyin farautar irin wannan rauni tun abu yana kan takarda. Wata, da sojojin Amurka suka rubuta ƙa'idarta a 1949, ita ce a bi sassa ɗaya bayan ɗaya ana tambaya: ta yaya wannan zai lalace, me zai biyo baya, za a gane kafin ta ɓaci? Wata kuma, da aka ƙirƙiro a ɗakunan binciken Bell a 1962, daga masifar take farawa ta gangaro zuwa saiwoyinta.

Zafi da ƙura

A Yamai da Tawa zafin rana yakan wuce digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, cikin ɗakin kwano ko akwatin ƙarfe kuwa ya fi haka. Zafi yana hanzarta sauyin sinadarai, kuma ƙa'idar da masu aikin lantarki suke riƙe da ita ita ce, ƙarin digiri 10 yana rage rayuwar wasu sassa da rabi. Batirin dalma yana cikinsu. Wanda aka ce zai yi shekara 5 a digiri 25 zai yi kamar biyu da rabi a 35, a 45 kuwa da ƙyar ya haura shekara. Mai gida sai ya ce an sayar masa da jabu. Wani lokaci gaskiyarsa ce, araha ba ta ado. Amma sau da yawa batirin na ƙwarai ne, ɗakin da aka ajiye shi ne ya dafa shi. Farantin hasken rana ma a digiri 25 ake auna ƙarfin da aka rubuta masa, kuma yana rasa kusan kashi 0.4 cikin 100 a kan kowane digiri da ya ƙaru.

Wanda ya tsaya wurin mai gyaran lantarki yana buɗe na'urar juya wuta zai ga abin da idonsa. Yana kwance murfi sai ƙurar hunturu ta bayyana, ta yi dandaƙe a kan fuka-fukan alminiyon da ke fitar da zafi, ƙaramar fankar ciki ta cije. Ya hure, ya goge da tsohon buroshin haƙori, sannan ya nuna ƙananan gwangwanayen ajiye caji, kawunansu sun kumbura kamar ƙosai. Ƙura ce ta hana iska, zafi ya taru, ruwan cikinsu ya ƙafe. Lambar IP da ke jikin wasu kaya kariyar ƙura da ruwa take nunawa: in adadin farko 6 ne, kamar IP65, ƙura ba ta shiga sam.

Gyaruwa

Ga mai jiran ruwa, kwanakin da famfo ya yi a tsaye su ne abin ƙirgawa. Injiniyoyi suna auna wannan ta hanyar raba lokacin aiki da jimillar lokacin aiki da na gyara. Famfon da ke yin kwana 300 kafin ya lalace, amma sai an jira kwana 60 kafin kayan gyara su iso daga Yamai ko waje, kashi 83 na lokaci yake ba da ruwa. Wanda ke lalacewa duk kwana 100 amma mai gyaran ƙauye ya tashe shi a kwana 2, kashi 98 yake bayarwa. Na biyun ya fi yawan lalacewa har ninki uku, kuma shi mata za su zaɓa.

Wannan lissafi ne ya sa a shekarun 1980 Bankin Duniya da hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka karkata ga famfunan da mutanen gari za su iya gyarawa da kansu. Famfon ƙafa ƙirar Vergnet, wanda ya yaɗu a karkarar Nijar, an tsara shi ta yadda sassan da suka fi saurin cinyewa suna sama, inda hannu ke kaiwa, ba sai an kira babbar mota ta zaro bututu daga ƙasan rijiya ba.